Burin Yara da Aikin Manya

In aka tambayi yaro abin da zai zama in ya girma, nan da nan yakan ce likita, ko malamin makaranta, ko ɗan ƙwallo. Masana sun bi diddigin wannan amsa, suka tarar akwai abin dubawa a cikinta.

A shekarar 2018 wata ƙungiya ta Ingila, Education and Employers, ta bayyana zanen yara wajen 20,000 na ƙasashe dabam-dabam, masu shekara 7 zuwa 11, kowa da aikin da yake so. A Birtaniya, misalin ɗaya cikin biyar ɗan wasa ya zana, alhali kuwa waɗanda wasa ke ciyarwa kaɗan ne ƙwarai.

Sa'an nan a 2020 ƙungiyar OECD ta fitar da amsoshin 'yan shekara 15 na ƙasashe 41. Samari 47 cikin ɗari, da 'yan mata 53 cikin ɗari, sun taru a kan sana'o'i goma kacal, kamar likitanci da koyarwa da aikin lauya.

Mene ne dalili? Watau yaro ba ya marmarin abin da bai taɓa gani ba. Yawanci daga iyaye da dangi da talabijin yake samun misali. Saboda haka dubbai kan yi cincirindo a ƙofa ɗaya, wasu ƙofofin kuwa na buɗe ba mai shiga.

Lalle ya kamata iyaye da malamai su riƙa kai yara su ga masu sana'a iri-iri a bakin aikinsu, gama gani ya kori ji.