Tsintar Ƙwan Netherwing a Mai Wurno

A wasan World of Warcraft, kuɗi kaɗai ba sa ba ka dodon Netherwing, wannan mai fukafukai da ake hawa. Sai ka yi wa ƙabilarsa bauta kullum har su yarda da kai: maki 42,000 kafin ka kai matakin ƙarshe. Tun 2007 haka yake. Ƙwai ɗaya da ka tsinta maki 250 ne. In da ƙwai kawai za ka dogara, 168 ke nan.

Ni daga Mai Wurno nake tsintar nawa. Kakanninmu sun tsinci auduga a gonakin Jazira, a auna a biya su. Mu kam mu muke biya, kuɗin intanet da na caji. Ɗan Turai kwanaki yake lissafawa, ni wuta. Ga madatsar Sinnar kusa, amma wutar sai ta ga dama.

A Fabrairun 2024 layukan Zain, MTN da Sudani suka ɗauke. Makina bai ragu ba, yana nan yadda na bar shi. Abokan wasan ne suka watse da yaƙi ya iso Sinja a watan Yuni, wasu Gadarif, wasu Damazin.