Ƙagaggen Labarin Kimiyya a Littafi da Silima: Ina Iyakarsa da Tatsuniya?

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta waiwayi wani rukuni na ƙagaggun labarai wanda manazarta adabin Hausa ba su cika kula da shi ba, watau ƙagaggen labarin kimiyya, ko a littafi yake, ko a silima, ko a talbijin. Za a fara da bayyana ma'aunan da masana tarke na Turai da Amurka suka gindaya don rarrabe shi da sauran labaran ban al'ajabi, sa'an nan a gwada su a kan abin da yake hannunmu. Tambayar da za a bi ita ce: in mutum ya tashi sama a cikin labari, mene ne ya raba wanda aljani ya ɗauka da wanda kumbo ya ɗauka?

2.0 Asalin Rukunin da Ma'aunansa

Wannan rukuni ya shiga silima tun tana jaririya. A 1902 Georges Méliès na Faransa ya shirya fim a kan wasu masana da aka harba zuwa wata daga bakin wata ƙatuwar igwa. A 1927 Fritz Lang na Jamus ya fito da Metropolis, labarin wani birni na zamani mai zuwa inda ma'aikata suke bauta wa injuna a ƙarƙashin ƙasa. A talbijin kuwa, an fara Doctor Who a Ingila a 1963, aka fara Star Trek a Amurka a 1966.

Daga baya ne masana tarke suka shigo, kuma ra'ayoyi huɗu za su ishe mu a nan. A 1965 Susan Sontag ta nuna cewa ainihin jigon irin waɗannan finafinai ba kimiyya ba ne, bala'i ne, watau tsoron halakar da ɗan Adam zai jawo wa kansa da hannunsa. A 1970 Tzvetan Todorov ya kasa labaran al'ajabi gida uku: wanda a ƙarshe ake bayyana abin mamakin da dokokin duniyar da muka sani, wanda dole mai karatu ya yarda da sababbin dokoki, da wanda yake barin mai karatu cikin kokanto tsakanin biyun. Shi a gida na biyu ya ajiye labarin kimiyya, watau gida ɗaya da labarin aljannu.

Darko Suvin bai yarda da wannan haɗin gambiza ba. A littafinsa na 1979 ya ce tilas labarin kimiyya ya ƙunshi wani baƙon abu, wanda ya kira novum da harshen Latin, wanda zai sa duniyar labarin ta saɓa da tamu, amma kuma hankali da ilmi su iya bin diddiginsa. A ganinsa tatsuniya ma tana kawo baƙon abu, sai dai ba ta damu da hankali ya gaskata shi ba. Na huɗu shi ne Rick Altman, wanda a 1984 ya raba kayan da ake gina fim da su, kamar kumbo da mutum-mutumi da baƙin halittu, da kuma yadda ake ƙulla dangantaka tsakaninsu. Daga baya, a 1999, ya ƙara da cewa masu kallo da masu sayar da fim su ma suna da hannu wajen raɗa wa rukuni suna.

3.0 Gwaji a Kan Adabin Hausa

In muka ɗauki ma'aunin Suvin muka ɗora a kan littattafan gasar 1933, babu wanda zai tsallake. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ruwan da Alhaji Imam ya fita nema magani ne, amma babu mai tambayar abin da yake cikinsa, kuma da taimakon aljannu aka kai gare shi. Haka Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya tashi daga yaƙi da Turawa ya faɗa duniyar aljannu.

Shekarar 1969 ce ta kawo canji. A shekarar ne 'yan sama jannatin Amurka suka sauka a kan wata, labarin kuma ya ratsa ƙasar Hausa ta rediyo, har Alhaji Mamman Shata ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa, har ma ciwon idon da ya ɓarke a Afirka ta Yamma a lokacin aka laƙaba masa sunan kumbon. A wannan shekara ce Kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, inda wani baƙo daga sama mai suna Kolin Koliyo ya ɗauki wani yaro, Kilba, suka shiga sararin samaniya. Wannan littafi shi ne aka fi ambata a matsayin ƙagaggen labarin kimiyya na farko a Hausa.

To amma in an lura, abin hawan ne sabo, zubin labarin tsoho ne: jarumi ya bar gida, mai iko ya yi masa jagora, ya riƙa cin karo da abubuwan mamaki ɗaya bayan ɗaya. Da ma'aunin Altman sai mu ce Dembo ya aro kayan gini daga zamanin kumbo, ya ƙulla su da igiyar Ganɗoki. Wannan ba aibi ba ne. Hanya ce da marubuci ya bi don ya kai mai karatunsa inda bai taɓa zuwa ba ta ƙofar da ya saba shiga.

4.0 Matsayin Mai Kallo

Bahaushe ya daɗe da haɗuwa da irin wannan labari a allo. Shaida a nan ita ce a 2013 aka gano kashi tara na shirin Doctor Who a wata tashar talbijin ta Jos, bayan sun ɓace daga ma'ajiyar BBC shekara da shekaru. Finafinan Indiya, waɗanda suka fi na kowa karɓuwa a Arewa, su ma sun kawo nasu: mutumin da yake ɓacewa da taimakon na'ura a Mr. India na 1987, baƙon halitta daga wata duniya a Koi... Mil Gaya na 2003, da mutum-mutumin da ya kangare a Enthiran na 2010.

Sai dai mai kallo ba ya zuwa gaban allo hannu rabbana. Mu ɗauki ƙasar Gobir misali. Mutumin Tozai ko Isa ko Sabon Birni ya tashi a ƙasar da sarautar Inna take da daɗaɗɗen tarihi na shugabancin 'yan bori, ya kuma ji labarin Jangare, birnin iskoki, mai sarki da fadawa da malamai. Ko da bai yarda da bori ba, ya san zancen wata al'umma da ba ta 'yan Adam ba, mai tsarin mulkinta, wadda take ɗauke mutum ta mayar. Saboda haka in ya ga baƙon halitta ya sauko daga kumbo, akwai gurbin da zai ajiye shi tun kafin a yi masa bayani.

Tarihi ma ya nuna cewa wannan gurbi yana iya haɗiye na'ura. Wajen 1925 wasu sababbin iskoki suka bayyana a yankin Filinge na ƙasar Nijar, waɗanda ake kira Hauka ko Babule, masu kwaikwayon Turawan mulki. A fim ɗin da Jean Rouch ya ɗauka a Ankara ta ƙasar Gana, wanda ya fito a 1955, cikin iskokin da suka hau mutane har da gwamna da matar likita da direban jirgin ƙasa. Watau inda marubucin Turai ya mayar da aljani na'ura, a nan na'urar aka mayar iska.

Kada kuma a ɗauka cewa iyakar a tsaye take a can inda aka shata ta. Ikon da jarumawan Star Wars na 1977 suke aiki da shi ya fi kusa da baiwa bisa ga kimiyya, ga shi kuwa ba a fitar da fim ɗin daga rukunin ba.

5.0 Ma'aunin da Ya Dace da Mu

Tun da ganin kumbo kaɗai bai isa hujja ba, ana ba da shawarar manazarci ya yi wa kowane labari tambayoyi uku:

(a) Daga ina ikon ya fito? Baiwa ce ko asiri da aka ba mutum, ko kuwa abu ne da aka ƙera?

(b) Ana iya koyonsa, har ya yi aiki a hannun kowa, nagari da mugu? Layar zana ta mai ita ce, amma jirgi na duk wanda ya koyi tuƙi ne.

(c) Rayuwar jarumi kaɗai ya canja, ko kuwa zaman jama'a duka, da nomansu da kasuwarsu da sarautarsu?

Da waɗannan tambayoyi labari ba ya cin jarrabawa ko ya faɗi. Matsayinsa ake nunawa a kan hanyar da ta taso daga tatsuniya. Ruwan Bagaja yana bakin hanya, Tauraruwa Mai Wutsiya ya yi nisa a tambaya ta farko, Metropolis kuwa a kan ta uku aka gina shi.

Tambaya ta uku ita ce ta fi shafar masu shirya fim. Tun daga Turmin Danya na 1990, finafinan Hausa sun fi karkata ga soyayya da zaman aure da sarauta, kuma uzurin da aka saba kawowa shi ne tsadar kayan aiki. Lalle akwai tsada, amma Pumzi, wanda Wanuri Kahiu ta Kenya ta shirya a 2009, gajeren fim ne da bai kai rabin awa ba, kuma ƙarfinsa yana ga tambayar da ya yi: yaya mutane za su zauna bayan yaƙin ruwa? Haka Nnedi Okorafor ta kafa littafinta The Shadow Speaker na 2007 a ƙasar Nijar ta shekarar 2070. In maganar Sontag gaskiya ce, cewa bala'i ne jigon rukunin, to jama'ar da ta ga farin 1973, take kuma zaune a bakin hamada tana dogara ga Gulbin Rima da na Bunsuru da madatsar ruwa ta Goronyo, ba ta rasa abin da za ta hango ba.

6.0 Kammalawa

An nuna cewa ma'aunin Suvin yana da amfani wajen raba baiwa da ƙira, amma in aka ɗauke shi tamkar wuƙa zai yanke ɗan abin da muke da shi ya yar. An kuma nuna cewa mai kallo yana fassara baƙon abu da abin da ya gada. Abin da ya rage shi ne a sa Tauraruwa Mai Wutsiya cikin darasin ƙagaggun labarai a kwalejojin ilmi, a karanta shi kafaɗa da kafaɗa da Ganɗoki, a kuma fita a tambayi masu kallo a garuruwa irin su Tozai da Sabon Birni sunan da su suke kiran waɗannan finafinai da shi. Tatsuniya takan kai mu ga abin da ya faru a wani zamani da ya shuɗe. Ɗalibanmu suna bukatar labarin da zai sa su tambayi yadda garinsu zai kasance nan da shekara 50, da kuma wanda zai ƙera abin da zai kai shi can.