James Allison da kwance dabaibayin garkuwar jiki

1. Gabatarwa

A cikin wannan maƙala za mu bayyana aikin James Allison, masanin garkuwar jiki ɗan ƙasar Amurka, da yadda bincikensa ya buɗe sabuwar hanyar yaƙi da ciwon daji, wato sankara. Inda Turawa ke amfani da kalmar birki, mu mun zaɓi dabaibayi. Dalilin haka zai fito a gaba.

An haifi Allison a 1948 a garin Alice, cikin jihar Teksas. Yana yaro sankara ta kashe mahaifiyarsa. Ya sami digirin dokta a Jami'ar Teksas a 1973.

2. Ƙwayoyin T

Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wani rukuni da ake kira ƙwayoyin T. Aikinsu shi ne su gane baƙo a cikin jiki su kashe shi. Tambayar da ta daɗe tana damun masana ita ce: in har suna iya gane ƙwayar sankara, me ke hana su gamawa da ita?

A 1982 Allison na cikin na farko da suka gano furotin ɗin da ƙwayar T ke gane baƙo da shi. Daga baya, a Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley, shi da ɗalibansa suka nuna cewa ganewa kaɗai ba ta isa ba: sai wani furotin, CD28, ya ba da umarni na biyu kafin ƙwayar ta kai hari.

3. Dabaibayin

A 1987 ƙungiyar Pierre Golstein a birnin Marsai na Faransa ta gano wani furotin mai kama da CD28, aka sa masa suna CTLA-4. Da farko an zaci shi ma zuga ƙwayar T yake yi. A 1994 da 1995 ƙungiyar Jeffrey Bluestone da ta Allison, kowace a nata ɗakin bincike, suka nuna akasin haka: CTLA-4 taka wa ƙwayar T hanzari yake yi, don kada ta wuce gona da iri ta afka wa jikin mai ita.

Nan ne Allison ya yi tunanin da ya fito da shi fili. Maimakon a nufi sankara kai tsaye da wuƙa ko guba ko haske, me zai hana a toshe CTLA-4, a bar jiki ya yi yaƙinsa? Aka gwada a kan ɓeraye masu ƙari, ƙarin ya narke. Sakamakon ya fito a mujallar Science a 1996.

4. Daga ɓera zuwa mutum

Sai da aka yi shekara 15 kafin magani ya isa asibiti. Kamfanin Medarex ya haɗa ipilimumab, kuma a 2011 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da shi don melanoma, sankarar fata da ta bazu cikin jiki. Wani nazari na 2015 a kan majinyata 1,861 ya nuna kusan ɗaya cikin biyar na raye bayan shekara 3, wasunsu har shekara 10. A da, mafi yawan masu irin wannan ciwo ba sa cika shekara guda.

A Kiyoto ta Japan, Tasuku Honjo ya gano wani dabaibayin, PD-1, tun 1992; magungunansa sun fito a 2014. A 2018 aka ba su biyun kyautar Nobel ta likitanci.

5. Kammalawa

Mu koma ga kalma. Dabaibayi ba ya kashe dabba, taƙaita mata tafiya yake yi. In an kwance shi za ta yi nisa, amma tana iya faɗawa gonar da ba a aike ta ba. Haka maganin yake: ƙwayoyin T da aka saki sukan taɓa hanji, fata ko hanta, wani lokaci da tsanani. Kuma ba kowace sankara ke jin sa ba, ga shi da tsada ƙwarai.

Saboda haka duk mai fassara wannan labari ga jama'a, a rediyo ko a aji, ya kiyayi cewa an samo maganin ciwon daji. Abin da Allison ya tabbatar shi ne jiki na da mayaƙansa, kuma ana iya kwance su.