Tsakanin Gadon Majinyaci da Ɗakin Bincike

Ilimin alaƙar ƙwaƙwalwa da ɗabi'a a gefen gadon majinyaci ya girma. A 1953 aka yi wa wani Ba'amurke mai farfaɗiya, Henry Molaison, tiyata a ɓangarorin ƙwaƙwalwarsa biyu. Ciwon ya lafa, amma duk sabon abin da ya faru, nan da nan sai ya manta. Masaniya Brenda Milner ta sa shi bin zanen tauraro yana kallon hannunsa ta madubi. Kullum hannun na daɗa ƙwarewa, alhali mai hannun bai tuna ya taɓa gwadawa ba. Ashe tunawa iri-iri ce! Don haka ake haɗa wa ɗaliban fannin duba majinyata da bincike. Taron Houston na 1997 ya tsara wa Amurka cewa bayan digiri na uku, a ƙara shekara biyu ƙarƙashin ƙwararru.