Yadda na'ura ke koyon raba murya da ƙugin rediyo

Duk wanda ya saba kama sashen Hausa a gajeren zango, ko a Marwa yake, ko a Njamena, ko a zangon Kumasi, ya san wahalar. Ana tsakiyar labarin duniya sai murya ta nutse, ƙugi ya taso, mutum ya juya eriya, ya murɗa kan akwati, kafin muryar ta dawo an wuce wurin da yake son ji. Tun da BBC ta fara shirin Hausa a 1957 masu sauraro ke fama da wannan.

Dalilin ba boyayye ba ne. Saƙon gajeren zango yana tafiya sararin samaniya ya bugi wani sashe na iska mai suna ayonosfiya, sannan ya dawo ƙasa. Shi ya sa yake ƙetare iyakoki har dubban kilomita, abin da FM ba ya iyawa. Amma wannan sashe yana canzawa tsakanin dare da rana, sai saƙon ya riƙa ƙarfi yana rauni. Ga walƙiyar damina, ga kuma hayaniyar zamani: cajar waya mai araha, inbatar sola, ƙwan fitilar LED. Duk suna fitar da tartsatsin lantarki da akwatin rediyo ke kwasa tare da muryar.

Tsohuwar dabarar injiniyoyi ita ce tacewa. A auna ƙarfin ƙugin, a rage shi daga sautin gaba ɗaya. Tana aiki idan ƙugin iri ɗaya ne, kamar "shuuu" da ba ya yankewa. Idan kuwa tsawa ce ko ƙarar da ke zuwa tana tafiya, sai ta rikice, muryar ta fito kamar ana magana cikin randa.

Koyon na'ura, wanda reshe ne na ƙirƙirarriyar basira, ya bi wata hanya. Ana ɗaukar muryoyin mutane masu tsabta, a gauraya su da hayaniya iri-iri da gangan, a ba kwamfuta gaurayen, a nuna mata na asalin. A maimaita sau da yawa har ta gane siffar maganar ɗan Adam. Kamar uwa ce da ke tsinto kukan ɗanta a tsakiyar kasuwa, don ta san shi.

Misalin da aka fi sani shi ne manhajar RNNoise, wadda Jean-Marc Valin ya fitar a 2017 lokacin yana aiki da Mozilla. Tana yanka sauti gutsi-gutsi, kowane gutsure kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, ta raba shi zango 22 daga mai kauri zuwa siriri. A kowane zango sai ta yanke shawara: nan murya ce a bar ta, nan ƙugi ne a danne shi. Abin da ya ja hankalin masu harkar rediyo shi ne ƙanƙantarta, domin tana gudu a kan ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, kuma kyauta ce ga mai son amfani da ita. A 2024 Valin da David Rowe na Ostareliya sun ƙara gaba da tsarin RADE, inda na'urar karɓa ke sake gina muryar daga ɗan bayanin da ya iso gare ta. Sai dai wannan yana buƙatar a canza na'urar aikawa ma, kuma masu rediyon sha'awa ne ke amfani da shi, ba gidajen labarai ba.

Inda abin ya shafe mu kai tsaye shi ne harshe. Na'ura tana sanin abin da aka koya mata ne kawai, kuma muryoyin da aka fi samu na koyarwa na Ingilishi ne da sauran manyan harsuna. Hausa tana da sautuka irin su ƙ da ts da ke fita da ɗan fashewa a taƙaice, mai kama da tartsatsin da aka koya wa na'urar ta share. Idan ta goge wannan fashewar, "baƙi" ya koma "baki", "ƙafa" ta koma "kafa". A labarin siyasa ko sanarwar rigakafi, wannan ba ƙaramin kuskure ba ne. Muryar da ta fito tas amma ta sauya ma'ana ta fi ƙugi haɗari, domin ƙugi aƙalla yana gaya maka cewa ba ka ji daidai ba.

Kiɗa ma yana shan wahala. Manhajar da aka horar da magana zalla tana iya ɗaukar kalangu ko kukuma a matsayin hayaniya ta danne su.

Maganin yana hannun masu harshen. Shirin Common Voice na Mozilla yana tattara muryoyin masu sa kai, kuma Hausa na ciki. Duk mai waya da intanet zai iya karanta jimloli ya ba da muryarsa, kuma Hausar Garwa ko ta Damagaram da ta shiga wannan rumbu tana faɗaɗa abin da na'ura za ta sani, kada ta tsaya ga Hausar Kano kaɗai.

Akwatin da ke kan tabarmar mai shayi yau ba shi da wannan fasaha. Lissafin yana cin wuta, mai saye kuma yana duba kuɗin batir kafin komai. Kafin ta iso kasuwa, cire cajar waya daga soket da fita waje da eriya lokacin labarai suna rage ƙugi sosai.