Dafin Da Ido Ba Ya Gani A Cikin Abinci

'Yan'uwana ɗalibai, ina so mu yi magana a kan abincin da muke saye a kasuwar Bodija ta Ibadan. An buɗe kasuwan nan a 1987, yau kuwa tana cikin manyan kasuwannin abinci na ƙasar Yarbawa. Motoci suna sauke wake da gyaɗa da masara daga Arewa, Hausawan Sabo kuma suna cikin masu cinikin. To, amma akwai dafi iri biyu da kan ɓuya cikin buhu.

Na fari shi ne na fumfuna. Idan aka ɗura gyaɗa ko masara ba su gama bushewa ba, sai fumfuna ta kama su, ta bar wani dafi da masana ke kira afalatoksin. Dafuwa ba ta kashe shi. Yakan lalata hanta har ya kawo sankara. An gane shi ne bayan 1960, sa'ad da 'yan talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila don sun ci ƙuli-ƙulin gyaɗa daga Barazil. A 2004 ya kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar masara.

Na biyu kuwa mu ke zuba shi da hannunmu. Mai wake yana tsoron ƙwari su huda masa kaya, sai ya yayyafa maganin feshi a buhu. Saboda haka ne a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu. Ku duba fa, abin da baƙo ya ƙi, shi yaranmu ke ci a ƙosai!

Magani kuwa ba shi da nisa. Jami'ar Ibadan, wadda aka kafa a 1948, maƙwabciyar kasuwar ce. Gaba kaɗan akwai cibiyar binciken noma ta IITA, tun 1967. Masananta, tare da na Amurka, suka fito da Aflasafe, watau ƙwayar dawa da aka lulluɓe da fumfuna marar dafi. Akan watsa kilo 10 a hekta ɗaya, mako biyu ko uku kafin shuka ta yi fure, sai marar dafin ta mamaye gona ta hana muguwar wuri.

Wajen wake kuma, Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗa buhun PICS a ƙasashenmu a 2007. Leda biyu ne a ciki, buhu ɗaya a waje, a ɗaure bakin kowanne dabam. Iska ba ta shiga, ƙwari su mutu, ba a zuba ko ɗigon magani ba.

Ga inda gizo ke saƙar: ilmin yana jami'a, buhun yana kasuwa, ɗan kasuwa kuwa ba ya karanta littattafan masana. A ganina mu malaman gobe mu ne gada tsakaninsu. 'Ya'yan manoma da na fatake su za su zauna a gabanmu. Mu koya musu a shanya gyaɗa a kan tabarma har ta bushe sarai, a tsince ruɓaɓɓu a zubar, kada a ba kaji, a kuma raba wake da maganin feshi. Abin da yaro ya ji a aji, da shi zai koma gida. Allah ya taimake mu.