Kwanakin ƙarshen zango: a fid da Ingilishi daga littafi zuwa baki

Duk wanda ya taɓa ratsawa ta ƙofar wata kwaleji a Tasawa ko Mayahi bayan an ƙare jarrabawar ƙarshen zango ya san yadda lakwal take komawa. Malamai sun duƙufa ga gyaran takardu da lissafin maki. Yara kuwa, waɗansu suna zaune gindin dogon-yaro, waɗansu sun sulale kasuwa, ƴan ƙauye sun riga sun ɗaure kayansu suna jiran motar gida. Haka kwanaki suke wucewa har ranar da za a raba takardun sakamako.

Waɗannan kwanaki ba na zubarwa ba ne, musamman ga malamin Ingilishi. A ƙasarmu yaro yana soma wannan harshe ne daga ajin farko na kwaleji, ya yi shekara 4 yana koyonsa kafin jarrabawar BEPC. Amma sau da yawa za ka tarar da ɗalibi ya cika littafi da ƙa'idojin nahawu, in baƙo ya gaishe shi sai baki ya mutu. Ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Aji ya cika maƙil, lokaci kaɗan ne, ga tsoron kada a yi kure a sha dariya. To, ranar da babu maki babu jan biro, tsoro yakan ragu, harshe ya sake.

Batun kuwa ba ƙarami ba ne. Jihar Maraɗi tana iyaka da Nijeriya, inda Ingilishi ne harshen gwamnati, kuma da shi ake rubutu a kan kwalin magani da buhun taki da suke shigowa kasuwanninmu. Tun 1962 masu aikin sa kai na Amurka suka fara zuwa Nijar koyar da shi, har suka tashi a 2011. A watan Maris na 2025 kuma sabuwar dokar ƙasa ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta sa Ingilishi da Faransanci su zama harsunan aiki.

Kasuwa cikin aji

Wasan da ya fi saurin buɗe bakin yara shi ne na ciniki, domin ba ɗan Tasawa ko Mayahi da bai san kasuwa ba. A jera tebura, a kasa abin da aka samu: tiyar gero, wake, gyaɗa, goriba, da tabarmar kaba irin ta Gulbin Kaba. Rabin aji ƴan kasuwa, rabi masu saye, a yanka takardu su zama kuɗi. Sharaɗi guda ne: gaisuwa da tayi da albarka da sallamawa duka da Ingilishi za a yi su. Wanda Hausa ko Faransanci ya kuɓuce masa, ya biya tara daga kuɗinsa na takarda. A nan ne yaron da bai taɓa ɗaga hannu ba zai tsaya kai da fata a kan farashin akuyarsa, ya ƙirga ɗari da dubu bai sani ba.

Farautar kalmomin aro

Wasa na biyu yana nuna wa yara cewa sun daɗe suna jin Ingilishi ba su farga ba. A kasa su ƙungiya-ƙungiya, kowace ta tattaro kalmomin da Hausa ta ara daga gare shi: direba, tela, kafinta, bokiti, tebur, burodi. Sa'an nan su nemo asalin kowace, su rubuta ta a allo daidai. Wadda ta fi yawa ta ci. Malami mai dabara zai ƙara musu da ware na Faransanci, irin su lakwal da mushe, don su gane ta wace hanya kowace kalma ta iso mu. Mahaifin da ya yi karatun yaƙi da jahilci yana iya sa hannu a nan, ya tuna wa ɗansa kalmomin da ya ji a tashar mota ko wurin ci-rani.

Tarihinmu a dandali

Wasan kwaikwayo gadonmu ne tun zamanin samariya, kuma ba sai an je nesa neman labari ba. A watan Janairu na 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Tasawa a kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano. Gwamnatin Ingila ce ta aiko su, ya kuwa koyi Hausa yana magana da ita. Da zai koma a 1855 ya tafi da Dorugu, wani yaro Bahaushe na ƙasar Damagaram wanda aka kama bauta yana ƙarami, daga baya aka ƴanta shi. A Ingila Dorugu ya ba da labarin rayuwarsa ga wani malami mai suna Schön, aka buga shi cikin littafin Magana Hausa a 1885. Sai yara su shirya saukar baƙon a Tasawa, da isar Dorugu birnin Landan: wannan baƙo, wannan mai masauki, wancan tafinta mai juya magana. Ƙananan azuzuwa su ɗauki tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ko su juya kacici-kacici, aji ya kara da aji.

Abin kiyayewa

Wasa yana da ƙa'ida. Kada malami ya tare yaro a tsakiyar magana don gyaran kure. Ya riƙe abin da ya ji, ya gyara wa kowa a ƙarshe ba da ambaton suna ba. Kada a bar ƴan gaban aji su cinye fili. Ƴan mata su samu rabonsu daidai, su yi dillanci, su yi tafinta, su yi alƙalanci, domin yarinyar da ta tafi hutu tana jin ta iya wani abu ta fi ɗokin komowa.

Ƙarshen zango na uku ya fi kowane muhimmanci. Ana rufe lakwal da faɗuwar damina, yara su shiga gona tun daga shuka har girbi, ba su komo ba sai Oktoba. Wata uku ya isa mantuwa. Amma kalmar da yaro ya yi dariya a kanta, ko ya ci gasa da ita, ba ta saurin ɓacewa.

Saboda haka muna kira ga darektoci da sufetoci, daga Korgom da Urafan har Kanambakashe da Sarkin Hausa, da su sa waɗannan kwanaki cikin tsarin aiki. Ba su bukatar kasafin kuɗi: alli da allo da inuwa sun wadatar. Iyaye kuma kada su janye yaro da zarar ya ajiye biro. Su bar shi ya kai ranar ƙarshe, in hali ya yi su zo kallo, su ji da kunnensu abin da ƴaƴansu suka koya. Allah ya yi wa karatun yaranmu albarka, amin.